Hatsi a rumbu, cefane a kasuwa: yadda ake gina ƙungiya a gasar NBA

Duk shekara ranar 30 ga Yuni, da ƙarfe shida na yamma agogon New York, wato sha ɗaya na dare a Kano ko Yamai, ake buɗe kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA. Kafin dare ya raba an riga an yi alƙawarin ɗaruruwan miliyoyin daloli. Tun makonni kafin ranar kuwa magoya bayan kowace ƙungiya sun gama jera sunayen waɗanda suke so a kawo musu: a ɗauko wane, a sallami wane, shi ke nan kofi ya zo gida. Na daɗe ina irin wannan lissafi, har ranar da na zauna na duba yadda zakarun 2019 zuwa 2025 suka haɗa 'yan wasansu. Ƙungiyoyi bakwai ne daban-daban cikin shekara bakwai: Toronto, Lakers, Milwaukee, Golden State, Denver, Boston da Oklahoma City. A cikinsu Lakers ce kaɗai ta samo babban tauraronta, LeBron James, daga wannan kasuwa. Sauran shidan ko dai su suka zaɓo gwarzonsu yana ɗan saurayi suka raine shi, ko kuma ta hanyar musaya ya zo hannunsu.

Abin da na fahimta daga nan shi ne kasuwar Yuli wurin cefane ce. Mai gidan da hatsinsa ke rumbu, in ya shiga kasuwa ya san abin da ya fito nema: gishiri ne, manja ne, ko ɗan nama. Wanda rumbunsa ke wayam kuwa, komai ya gani sai ya taya, kuma 'yan kasuwa sun san halin da yake ciki.

Mai bin ƙwallon ƙafa ta Turai zai buƙaci ya ajiye abin da ya saba da shi tukuna. A NBA ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya yadda Real Madrid za ta biya Liverpool. Hanyoyin samun ɗan wasa uku ne. Akwai zaɓen matasa da ake yi duk watan Yuni, zagaye biyu, inda ƙungiyoyin da suka fi shan kashi suke da damar fara zaɓa. Akwai musaya, ɗan wasa da ɗan wasa ko da tikitin zaɓen shekaru masu zuwa. Sai kuma ɗaukar wanda kwantiraginsa ya ƙare. Kowace ƙungiya cikin talatin ɗin tana da gurbi 15 na cikakken kwantiragi, kuma duk albashinsu ana tara shi a auna da wata iyaka da hukumar gasar ke tsayarwa daga kuɗin shigar da aka samu. Lokacin da aka fara wannan tsari a kakar 1984-85 iyakar dala miliyan 3.6 ce. A kakar 2024-25 ta kai dala miliyan 140.6, a ta 2025-26 kuma miliyan 154.6.

Sai dai iyakar tana da ƙofofi, kuma a waɗannan ƙofofi ne duk wayon yake. Babbar ƙofa ita ce abin da ake kira haƙƙin Bird, sunan da ya samo asali daga Larry Bird na Boston. Idan ɗan wasa ya yi kaka uku ba tare da ya sauya ƙungiya ta kasuwa ba, ƙungiyarsa na iya tsallake iyakar don ta riƙe shi. Tana iya ba shi shekara biyar da ƙarin kashi 8 cikin ɗari duk shekara, alhali baƙuwar ƙungiya shekara huɗu kawai za ta iya bayarwa da ƙarin kashi 5. Albashi mafi girma ma an ƙayyade shi: kashi 25 cikin ɗari na iyakar ga wanda bai wuce shekara shida a gasar ba, kashi 30 ga mai shekara bakwai zuwa tara, kashi 35 ga wanda ya kai goma. Ma'ana, tauraron da ya bar gida ta kasuwa yakan bar kuɗi masu yawa a baya. Shi ya sa yanzu mafi yawan manyan taurari suke tsawaita kwantiraginsu tun bai ƙare ba, in ya so daga baya, idan zama ya ƙi daɗi, su nemi a yi musaya da su. Kayan da suka fi daraja ba sa ma isowa kasuwar.

Matasan da suka gama kwantiraginsu na farko su ma ƙafarsu ɗaure take. Wata ƙungiya na iya taya su, amma ƙungiyarsu ta asali na da ikon cewa ta biya daidai abin da aka taya, magana ta ƙare. A 2022 Indiana ta taya Deandre Ayton dala miliyan 133 na shekara huɗu, Phoenix ta ce ta biya, Indiana ta koma hannu rabbana.

Labarin da ya fi nuna mini yadda waɗannan abubuwa ke cuɗanya ya faro ne daga teburin wani mutum da ya tashi a Zariya. Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila amma ya yi ƙuruciyarsa ya kuma fara buga ƙwallon kwando a Zariya, ya karɓi ragamar Toronto a 2013. Ya san garin da yake: Kanada ce, sanyi ga tsanani, haraji ga nauyi, kuma taurarin Amurka ba su cika zaɓen zuwa can da ƙafarsu ba. Don haka bai zauna jiran kasuwa ba. Ya zaɓo Pascal Siakam ɗan Kamaru a lamba ta 27 a 2016, ya ɗauki Fred VanVleet wanda ko zaɓensa ba a yi ba a wannan shekarar, ya ƙara da OG Anunoby a lamba ta 23 a 2017. Da ya ga rumbu ya cika amma ƙungiyar na ta faɗuwa a wasannin fitar da gwani, sai ya yi abin da ya girgiza garin. A 2018 ya sallami koci Dwane Casey, wanda aka ba kyautar gwarzon koci a wannan kakar, sannan ya miƙa wa San Antonio DeMar DeRozan, ɗan gaban goshin magoya baya, ya karɓo Kawhi Leonard, mutumin da wasa tara kacal ya buga a kakar da ta gabata, kuma saura shekara ɗaya ya samu damar tafiya inda yake so.

Duk wanda ya kalli wasa na bakwai, wato na raba gardama, tsakaninsu da Philadelphia a watan Mayun 2019 ba zai manta ba. Maki 90 da 90, saura daƙiƙa huɗu da ɗoriya, Leonard ya karɓi ƙwallo ya zagaya zuwa kusurwar dama, ya cilla ta saman dogon hannun Joel Embiid. Ƙwallon ta daki bakin kwando ta yi sama, ta sake dukansa, har sau huɗu, shi kuma yana tsugune a gefen fili yana kallo, sannan ta faɗa ciki. Bayan wata guda Toronto ta doke Golden State da ci 4 da 2 ta ɗauki kofinta na farko.

Kafin wata guda ya sake cika Leonard ya tafi. Ya shiga kasuwa, ya zaɓi komawa yankinsu na Kalifoniya, ƙungiyar Clippers ta Los Angeles. To a nan ne ya kamata mai lissafin sunaye ya tsaya ya duba da kyau, domin a takarda Clippers ta samu gwarzon wasannin ƙarshe ba tare da ta ba Toronto ko sisi ba. A zahiri kuwa zuwan nasa haɗe yake da kawo masa abokin tafiya, Paul George, wanda ke da kwantiragi da Oklahoma City. Shugaban harkokin wasan Oklahoma, Sam Presti, ya gane cewa Clippers ba George kaɗai take saya ba, mutum biyu take saya da ciniki ɗaya, sai ya tsuga kuɗi. Ya karɓi Danilo Gallinari, da tikitin zaɓen zagayen farko guda biyar, da damar musanya matsayin zaɓe sau biyu, da wani siririn yaro ɗan Kanada da ya buga kaka ɗaya tak, Shai Gilgeous-Alexander.

Shekara biyar George ya yi a Clippers. Iyakar inda suka kai shi ne wasan ƙarshe na yankin Yamma a 2021, sau ɗaya. A 2024 ya fita ta kasuwa, ba su samu komai a madadinsa ba. Yaron da suka bayar kuwa, a 2025 shi ne ya fi kowa cin maki a gasar, 32.7 a kowane wasa, shi ne gwarzon shekara, shi ne kuma gwarzon wasannin ƙarshe. Ɗaya daga cikin tikitin nan biyar, na 2022, ya faɗo a lamba ta 12, da shi Oklahoma ta zaɓi Jalen Williams, wanda ya zama na biyu a ƙungiyar.

Presti bai koyi wannan haƙuri a banza ba, ya sha wuya tukuna. Shi ne ya zaɓi Kevin Durant a 2007, Russell Westbrook a 2008, James Harden a 2009, ukun da kowannensu daga baya ya zama gwarzon shekara. Sun kai wasannin ƙarshe a 2012, Miami ta doke su. Bayan wata huɗu aka kasa daidaitawa da Harden a kan bambancin da bai kai dala miliyan goma ba, don gudun harajin da gasar ke ɗora wa ƙungiyar da jimillar albashinta ta haura wani layi, aka tura shi Houston. Sai kuma 2016, shekarar da sabon kuɗin talabijin ya ɗaga iyakar albashi daga dala miliyan 70 zuwa 94 a tashi ɗaya. Kwatsam Golden State, wadda ta ci wasa 73 cikin 82, ta samu sararin ɗaukar Durant, ya kuwa tafi. A wannan bazarar ce kuma kuɗi suka yi wa ƙungiyoyi yawa har suka rasa inda za su kai su: Lakers ta ba Timofey Mozgov miliyan 64, ta ba Luol Deng miliyan 72, Memphis ta ba Chandler Parsons miliyan 94, duk na shekara huɗu-huɗu, kuma duk sun zama kaya a wuyan ƙungiyoyin. Saboda wannan darasi ne yanzu aka hana iyakar tashi fiye da kashi 10 cikin ɗari a shekara, duk da sabuwar yarjejeniyar talabijin ta shekara 11 da ta haura dala biliyan 70.

Bayan tafiyar George, Oklahoma ta yi shekaru tana da sarari a ƙarƙashin iyakar albashi, amma ba ta kai shi kasuwa ta nemi suna ba. Haya ta riƙa ba da shi. Ƙungiyar da wani tsohon kwantiragi ya yi wa nauyi sai ta kawo shi Oklahoma ta ajiye, ta biya ladan ajiya da tikitin zaɓe. Haka aka yi da Al Horford daga Philadelphia a 2020. Bayan kaka ɗaya aka tura Horford ɗin Boston, aka karɓi kwantiragin Kemba Walker da wani tikitin. Westbrook ya tafi Houston aka karɓo Chris Paul da tikiti, Paul ya tafi Phoenix aka sake karɓar tikiti. A gefe guda suna ta tsince-tsince: Luguentz Dort wanda ba a zaɓa ba a 2019, Aaron Wiggins a lamba ta 55, Isaiah Joe wanda Philadelphia ta sallama, sai Chet Holmgren a lamba ta 2 a 2022.

Wannan hanya tana da ɗaci, kuma ba na son a lulluɓe shi. Sun ci wasa 22 a kakar 2020-21, sun ci 24 a ta gaba. A Disambar 2021 Memphis ta lallasa su 152 da 79, tazarar maki 73, wadda ba a taɓa ganin irinta ba a tarihin gasar. An zaunar da Horford a benci tun watan Maris na 2021 da ƙoshin lafiyarsa. Mutumin da ya cire kuɗin guminsa ya sayi tikitin shiga filin wasa a waɗannan shekaru yana da hakkin ya yi fushi, kuma tsarin da ke saka wa ƙungiya da alheri don ta sha kashi yana da tambayar da har yau ba a amsa ta yadda ya kamata ba. Ƙungiyoyi da yawa sun bi wannan hanya sun ɓace a cikinta. Abin da ya bambanta Oklahoma shi ne tun farko tana da Gilgeous-Alexander a hannu, kuma ta san lokacin da za ta daina tarawa.

Lokacin ya zo a bazarar 2024. Sun gama kaka da nasara 57, su ne na ɗaya a Yamma, amma Dallas ta fitar da su a zagaye na biyu da ci 4 da 2. Duk wanda ya kalli wasannin shida ya ga ciwon da idonsa. Holmgren dogo ne, gwanin tare ƙwallo, amma siriri ne, kuma in ya fita hutu babu wani mai jiki a ƙarƙashin kwando. Dogayen Dallas, Daniel Gafford da Dereck Lively, sai su yi ta cafe ƙwallon da ta daki kwando ta dawo, suna ba 'yan'uwansu damar jifa ta biyu. Ciwo na biyu shi ne Josh Giddey, matashi mai basirar raba ƙwallo, amma wanda abokan hamayya suka daina tsaronsa in ya tsaya a bayan layin maki uku, suna tara mutum biyu a kan Gilgeous-Alexander.

Abu biyu ke nan suka rasa, abu biyu kuma suka fita nema. Na farko ta musaya: Giddey ya tafi Chicago, Alex Caruso ya zo, mutum da mutum, ba a ƙara ko tikiti ɗaya ba. Caruso ba baƙo ba ne a gidan. Lokacin da ba a zaɓe shi ba a 2016, a ƙaramar ƙungiyar Oklahoma ta rainon 'yan wasa ya fara, a hannun Mark Daigneault, wanda yanzu shi ne babban kocin. Sun san halinsa, shi ma ya san nasu.

Na biyu shi ne cefanen da nake ganin ya cancanci a riƙa koyar da shi. Isaiah Hartenstein ba tauraro ba ne. An haife shi a Eugene ta jihar Oregon, ya girma a Jamus, aka zaɓe shi a lamba ta 43 a 2017, ya yi yawo daga Houston zuwa Denver, Cleveland, Clippers, sannan New York. A kakarsa ta ƙarshe da Knicks ta New York maki 7.8 yake ci a wasa. Wanda ke duba jadawalin maki kaɗai ba zai ko waiwaye shi ba. Amma yana cafe ƙwallo a ƙarƙashin kwando, yana kafa jikinsa ya tare mai tsaro don abokinsa ya samu hanya, kuma yana da idon miƙa ƙwallo wanda ba kasafai ake samu wurin dogaye ba. Knicks na son riƙe shi, amma kaka biyu kawai ya yi musu, bai cika ukun da ke ba da cikakken haƙƙin Bird ba, don haka doka ta tsayar da tayinsu a dala miliyan 72.5 na shekara huɗu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daren da aka buɗe kasuwa shugabannin Oklahoma suka same shi a Eugene, suka ajiye masa dala miliyan 87 na shekara uku. Kusan miliyan 29 a shekara, a kan kusan miliyan 18 na New York.

Mutane da yawa sun ce an yi tsada, kuma in da wata ƙungiya ce ta biya haka, da na yarda da su. Amma farashin ɗan wasa yana tafiya ne da gurbin da zai cike. A wannan lokacin Holmgren da Williams suna kan ƙaramin albashin kwantiragin farko, don haka akwai sararin da in ba a yi amfani da shi a lokacin ba, zai rufe da kansa. Ba a ma daɗe ba aka ga amfaninsa: a watan Nuwamba Holmgren ya karye a ƙugu ya yi kusan wata uku ba ya wasa, Hartenstein, wanda shi ma ya dawo daga karayar hannu, ya riƙe wurin. Ya gama kakar da maki 11 da cafe ƙwallo kusan 11 a kowane wasa, ƙungiyar ta ci wasa 68. Caruso kuwa, a wasa na bakwai da Denver, aka ɗora shi a kan Nikola Jokic, wanda ya fi shi tsawo da kusan taƙi guda, nauyi kuwa ba a magana. Ya shige gabansa ya manne masa, yana hana ƙwallo isa hannunsa, har Denver ta rikice aka tashi 125 da 93. Ranar 22 ga Yunin 2025 suka doke Indiana 103 da 91 a wasa na bakwai suka ɗauki kofi, ba tare da sun biya ko dala ɗaya ta haraji a kakar ba.

A wannan makon na Yulin 2024 da Hartenstein ya sa hannu, Philadelphia ta ɗauki babban sunan kasuwar, Paul George ɗin nan dai, yana da shekara 34, a kan dala miliyan 212 na shekara huɗu. Ta share kusan duk 'yan wasanta don samar masa wuri. Rauni ya hana shi sakat, wasa 41 ya buga, Embiid ma ya yi ta jinya, suka gama kaka da nasara 24.

Me ya sa kuskure irin wannan ya fi zafi yanzu fiye da da? Saboda yarjejeniyar da masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa suka ƙulla a 2023. A da, attajirin da ya tsallake layin haraji, aljihunsa kawai zai ji a jika. Harajin yana hawa mataki-mataki har ta kai kowace dala ɗaya ta ƙari tana jawo uku ko huɗu, amma mai kuɗi yakan runtse ido ya biya. Yanzu an kafa shinge biyu a saman layin. A kakar 2024-25 layin haraji yana kan dala miliyan 170.8, shingen farko miliyan 178.1, na biyu miliyan 188.9. Wanda ya haura shinge na biyu an ɗaure masa hannu ne gaba ɗaya: ba zai haɗa albashin mutum biyu ya musanya su da babban ɗan wasa ɗaya ba, ba zai saka tsabar kuɗi a musaya ba, ya rasa kason da ake ba ƙungiyoyi na ɗaukar matsakaicin ɗan wasa daga kasuwa, kuma tikitin zaɓensa na zagayen farko na shekara ta bakwai nan gaba an kulle shi, ba zai yi musaya da shi ba. Idan ya daɗe a can sama, sai a mayar da tikitin can ƙarshen zagaye. Abin da ya rage masa shi ne riƙe nasa da ɗaukar masu mafi ƙarancin albashi.

Phoenix ce ta fara ɗanɗanawa. Ta kwaso Durant a Fabrairun 2023, ta ƙara da Bradley Beal a Yuni, ga Devin Booker a gida. Mutum uku suka cinye kusan duk iyakar albashi, sauran guraben aka cike da abin da ya samu. Minnesota ta share su 4 da 0 a 2024, a kaka ta gaba suka ci wasa 36 ba su ko shiga fitar da gwani ba. A bazarar 2025 Durant ya koma Houston, Beal kuma aka sallame shi aka shimfiɗa sauran kuɗinsa a kan shekara biyar. Milwaukee ta yi irin haka da Damian Lillard don ta samu ɗaukar Myles Turner: kimanin dala miliyan 22 duk shekara, har shekara biyar, suna zaune a lissafin albashinta saboda mutumin da ba ya sa rigarta.

Inda dokar ke damuna shi ne ba ta bambanta wanda ya yi almubazzaranci da wanda ya yi noma da kyau. Denver ta raini Jokic tun daga lamba ta 41, ta ci kofi a 2023, nan take Bruce Brown ya tafi Indiana, a shekara ta gaba Kentavious Caldwell-Pope ya tafi Orlando. Boston ta zaɓi Jaylen Brown da Jayson Tatum da kanta, ta ci kofi a 2024, amma da agarar Tatum ta tsinke a Mayun 2025 sai a watan Yuni ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porzingis cikin 'yan kwanaki don ta sauko ƙasan shinge. Gasar ta samu abin da take so, kowace shekara sabon zakara. Magoya baya kuma sun rasa jin daɗin ganin ƙungiyar da suka saba da fuskokinta tana tsufa tare.

Ba ina cewa kasuwa ba ta taɓa haifar da gwarzo ba. Shaquille O'Neal ya je Lakers ta nan a 1996, LeBron ya je Miami a 2010 ya ci kofi biyu. Misali mafi kusa shi ne Jalen Brunson, wanda Knicks ta ɗauko daga Dallas a 2022 a kan dala miliyan 104 na shekara huɗu, aka yi ta cewa ta yi wauta, ya zo ya zama jagoran ƙungiyar. Amma a lura da irin sayen: Brunson yana da shekara 25, yana zaune a inuwar Luka Doncic, bai taɓa shiga wasan taurari ba. Knicks ta biya kuɗin abin da zai zama ne. Philadelphia kuwa ta biya George ladan abin da ya riga ya yi a wasu garuruwa. Tambayar da ta kamata shugaban ƙungiya ya yi kafin ya taya kowa ita ce, a shekara ta uku ta wannan kwantiragi, mutumin nan yana hawa ne ko yana gangara, kuma wa zan rasa a cikin nawa saboda shi?

Sa'a ma tana da nata kason. Da agarar Tyrese Haliburton, tauraron Indiana, ba ta tsinke a zubin farko na wasa na bakwai da Oklahoma ba, Allah kaɗai ya san yadda za a tashi, domin Indiana ce ke gaba da maki ɗaya a hutun rabin lokaci. Da ƙwallon Leonard ta faɗo waje a bugu na huɗu, wataƙila da wani labarin ake bayarwa game da Ujiri. Tsari mai kyau yana kai ƙungiya bakin ƙofa ne sau da yawa, har wata rana ta dace.

Bayan cin kofin, Oklahoma ta iso mahaɗar da ta kayar da ita a 2012. A bazarar 2025 ta tsawaita wa Gilgeous-Alexander kwantiragi na shekara huɗu a kan kimanin dala miliyan 285, ta ba Holmgren da Williams mafi girman abin da doka ta yarda a ba masu shekarunsu, shekara biyar-biyar. Wannan karon ba ta saki ko ɗaya cikin ukun ba. Kuɗin riƙe su zai fito ne daga jikin sauran, kuma a nan tikitin da aka yi shekaru ana tarawa za su yi aikinsu na biyu: duk wanda ya yi tsada ya tafi, akwai matashi mai araha da za a zaɓo ya gaje shi.

A sake duba kwantiragin Hartenstein. Shekara biyun farko tabbatattu ne, ta ukun kuwa an rubuta cewa ƙungiya ce ke da zaɓin ci gaba da shi ko sakinsa. Wannan shekara ta uku ta faɗo ne a kakar 2026-27, daidai kakar da sabon albashin Holmgren da na Williams ke fara aiki. Kwantiragin Dort ma shekararsa ta zaɓi a wannan kakar take. Tun daren da suka zauna da Hartenstein a Eugene, kafin a ci kofi, kafin ma a san ko cinikin zai yi albarka, sun riga sun auna ranar da kuɗin zai ƙare sun bar wa kansu ƙofa a daidai wurin.